Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Gida da Lafiyar Iyali a Jos

Duk wanda ya zauna a Jos ya san gidajenmu suna da irin nasu ciwon kai. Gari ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Damina tana kama mu tun watan Afrilu, ba ta sakinmu sai Oktoba, hunturu kuma ya zo da sanyin da ke sa mutum ya toshe duk wata kafa ta ɗaki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji daga bakin maƙwabta, 'yan uwa da matan unguwa. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne, na sha ganin gidan da dabarar da aka yi don maganin sanyi, ko ɓera, ko kuɗin cizo, ita ce ta kai mutanen gidan asibiti. Garin neman gira a rasa ido.

Malam, sanyin Disamba ya yi yawa, ga yara ƙanana. Mene ne laifin shiga da kaskon gawayi ɗaki mu kwana?

Da wannan na fara domin shi ne ya fi saurin kisa. Gawayi idan yana ci yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Idan ta shiga huhu sai ta manne wa jini, kuma ƙarfin mannewarta ya ninka na iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200, sai jinin ya riƙa zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba.

Mutane da yawa suna cewa ai sai da hayaƙin ya ƙare, garwashin ya yi ja, sannan suka shigo da shi. Jan garwashin ma yana ci gaba da fitar da gubar. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Wanda ke a farke zai iya tashi ya fita, amma mai barci daga barcin yake zarcewa. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta taɓa shigowa da sassafe tana cewa ita da 'ya'yanta uku duk sun tashi da ciwon kai da amai, tana zargin abincin dare. Da na leƙa ɗakin na tarar da kasko a gindin gado, an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Allah ne ya yi da sauran kwanansu.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita tsakar gida, a fara zargin iskar ɗakin. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, wanda ya suma ko ya rikice a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo a hanya.

A ji ɗumin a tsakar gida ko a baranda, a kashe wutar kafin a kwanta. A cikin ɗaki kuma a dogara da bargo, rigar sanyi, safa da hula. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti, katifar yara kada ta kwanta a ƙasa tsirara. Jariri kuwa babu abin da ya kai jikin uwarsa ɗumi, sai dai a kula kada bargo ya rufe masa fuska.

Muna tsoron ɓarayi, shi ya sa muke kunna janareta a koridon gida. Idan an bar taga a buɗe ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba. Gubar da ke cikin gawayi ita ce a hayaƙin janareta, kuma a hayaƙin janareta ta fi yawa ƙwarai. Korido, kicin, ƙarƙashin bene, shagon da ake kwana a ciki, duk ba wurinsa ba ne, ko da an buɗe taga. Wurinsa waje, tazarar kamar mita 6 daga ƙofa da tagogi, bakin salansar yana kallon wani gefen. A lura kada ya kalli tagar maƙwabci, domin shi ma da haƙƙinsa. Tsoron sata gaskiya ne, maganinsa kejin ƙarfe mai rufi da kwaɗo, wanda duk mai walda zai iya haɗawa. Kada a ƙara masa mai yana aiki ko yana da zafi, kada kuma jarkar fetur ta kwana a ɗakin da mutane suke.

Kowace damina bangon ɗakinmu yana jiƙewa, fenti yana ɓarewa, kaya suna funfuna. Na sake fenti sau biyu amma abin yana dawowa.

Zai ci gaba da dawowa, Hajiya, domin fenti rufa-rufa ne kawai. Sai an gano ta inda ruwan yake shigowa, kuma bangon da kansa yana faɗa.

Idan tabon ya faro daga sama, ko silin ya yi taswira, to rufi ne: kwano ya huje, ƙusa ta saki, ko indararo ya toshe da ganye. Wannan aikin kafinta ne, kuma a watan Maris ake yinsa kafin ruwan farko. Idan kuwa daga ƙasa danshin yake hawowa, ya tsaya kamar iya gwiwa ko ƙugu, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, to bangon ne yake shan ruwa daga tushe. Sai a zagaya bayan ɗakin lokacin da ake ruwa a ga inda yake kwanciya. Sau da yawa ruwan indararo ne ke zuba a gindin bango, ko an tara ƙasa har ta haura daɓen ɗaki, ko bututun banɗaki yana yoyo. A yi daɓen siminti mai gangara a gindin bangon, a yi wa ruwan hanya. Mai sabon gini kuma ya tsaya a kan magini ya shimfiɗa ledar hana danshi a tushe.

Akwai na uku, wanda ya fi yawa a nan a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ake wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. An kulle taga saboda sanyi, an shanya wanki a ɗaki, ana girki a ciki, mutum shida suna numfashi. Duk tururin nan a bango mai sanyi yake sauka. Za a ga baƙin ɗigo-ɗigo a kusurwa da bayan wadirof. Maganinsa iska: a buɗe tagogi kowace rana ko da na awa ɗaya ne, a janye gado da wadirof daga bango kamar faɗin tafin hannu, wanki ya tafi baranda.

Kada a raina funfuna. Tana tayar da asma, tana kawo tari da atishawa da toshewar hanci, musamman ga yara da tsofaffi. A goge ta da ruwan sabulu ko ruwan da aka ɗiga wa bilic, taga a buɗe, hanci a rufe, a bar bangon ya bushe sarai kafin a yi maganar fenti. Kafet ko katifar da funfuna ta cinye cikinta, haƙuri za a yi da ita.

Ɓeraye sun dame mu. Da gaske ne suna kawo zazzaɓin Lassa, ko tsoratarwa ce ta ma'aikatan lafiya?

Da gaske ne, kuma mu mutanen Jos mun fi kowa sanin tarihinsa. A shekarar 1969 aka fara gane cutar, a jikin wata ma'aikaciyar jinya ta mishan da ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Nan Jos aka kawo ta, asibitin da muke kira Jankwano, a nan ta rasu. A 1970 cutar ta ɓarke a cikin garin nan, har ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup, wadda ta kamu a wajen aikinta. Har gobe Filato tana cikin jihohin da ake samun cutar, kuma ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Lokacin ne ake ƙona daji, abinci ya yi ƙaranci a waje, ɓeraye su dawo cikin gidaje.

Wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, shi ba ta yi masa komai. Yana zubar da ita a fitsari da kashi. Ya hau buhun gari, ya shiga kwanon da aka bari a buɗe, ya bi ta kan masara ko barkonon da aka shanya a kan fa ko bakin titi. Daga nan mutum ya kamu, shi kuma ya iya shafa wa mai jinyarsa ta jini, amai ko fitsari. Tunda ba wanda zai tsaya ƙirga nonuwan ɓera, kowane ɓera a ɗauke shi abin zargi.

Alamun suna fitowa cikin makonni uku da kamuwa, kuma da farko ba su da bambanci da maleriya ko taifot: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Kusan mutum 8 cikin 10 abin yana zo musu da sauƙi, amma wanda ya yi wa tsanani yana iya kaiwa ga zubar jini da mutuwa, ya fi muni ga mai tsohon ciki, wasu kuma da suka warke suna rasa ji. Duk zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, a daina zagayen kemis, a tafi asibiti, domin maganin Lassa ya fi aiki idan an fara da wuri. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, tana da layin kira kyauta, 6232.

To yaya za mu rabu da su? Mun sa magani amma wasu suna zuwa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai abinci a buɗe, ka kashe goma wasu goma za su maye gurbinsu. Hatsi da gari su koma cikin duro ko bokiti mai murfi, kada a bar su a buhu a ƙasa. Kwanukan dare a wanke su a daren, kwandon shara ya kwana a rufe a waje. Sai a bi ɗaki a toshe ramuka da siminti, a duba ƙarƙashin ƙofa da inda bututu ya huda bango, domin kafar da ɗan yatsa zai shiga ta ishi ƙaramin ɓera. Tarkacen da aka jibge a lungu, tsofaffin kwalaye da katakai, nan ne ɗakin haihuwarsu.

Ni na fi son tarko da kyanwa a kan guba. Gubar ɓera ana cuɗa ta da kifi ko gyaɗa, abin da yaro mai rarrafe zai kai baki ke nan, ga kaji, ga shi ɓeran yakan je ya mutu a cikin silin. Mushen ɓera ba a taɓa shi da hannu. A zuba masa ruwan bilic, a sa hannu cikin leda a ɗauke, a binne, a wanke hannu da sabulu. Kashinsa ma a jiƙa shi kafin a kwashe, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. Yara masu farautar ɓera a gona a hana su.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Sai mun tafasa?

Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ta taifot. Abin dubawa shi ne inda rijiyar take. A unguwanni masu cunkoso kamar Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos da Dilimi, fili ya yi ƙaranci, za ka ga rijiya a wannan kusurwa, masai ko sokawe a waccan, ko kuma na maƙwabci a bayan katanga. Ƙa'idar da masana tsafta suke bayarwa ita ce tazarar kimanin mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare. Gidaje nawa ne a cikin gari suke da wannan filin? Ga ƙasarmu ta dutse ce, ruwan ƙazanta yana bin tsagar dutse ya yi nisa ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Shi ya sa gudawa take yawaita da zarar ruwan farko ya sauka.

Saboda haka ruwan sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cikakke, ko a sa masa maganin tsaftace ruwa irin su WaterGuard bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, don haka bayan alif ma sai an tafasa. Ita kuma rijiyar a ɗaga bakinta, a yi mata murfi da daɓe, a ware mata guga ɗaya da za a riƙa rataye shi, ba a yar da shi a ƙasa inda ake wanki ba.

Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru da Rayfield ba ruwan sha ba ne, ba kuma wurin wankan yara ba, domin zurfinsu yana farawa ne tun daga baki.

Mu daga 'yan garuwa muke saye.

Hukuncinsu ɗaya, tunda ba ki ga inda aka ɗebo ba, ba ki kuma san rabon jarkar da wanki ba. Sannan ruwa mai kyau ma yana lalacewa a cikin gida: randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ya sha ya mayar, yaro ya tsoma hannu har gwiwar hannu. A ware moɗar ɗiba mai dogon hannu, a zuba a kofi, ko a koma bokiti mai famfo. Tankin sama ma yana son wanki da murfi.

Idan amai da gudawa suka kama yaro cikin dare, me zan yi kafin gari ya waye?

Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na fakiti da ake sayarwa a kemis ya fi, ya kamata kowane gida ya ajiye. Idan babu, a samu ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Mai shan nono kada a fasa ba shi. Ana haɗawa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14.

Amma idan gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko idanu sun faɗa, ko yaron ya kasa sha, ko ya daina fitsari, ba a jiran asuba. Kwalara tana iya gamawa da babban mutum cikin sa'o'i.

An ce sanyin Jos ba ya barin sauro. Ashe muna bukatar gidan sauro?

Je ka asibitin unguwa a watan Satumba ka ga layi. Sauro yana nan, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai a cikin ruwan da ya kwanta: tsohuwar taya, gwangwani, ramin da aka haƙa don bulo, duron da ba murfi. Zagaya gida sau ɗaya a mako a kifar da su ya fi fesa magani kullum. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki, hakan yana rage ƙaiƙayin fuskar da mutane suke kuka da shi. A wanke shi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Idan bai ishi kowa ba, mai ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne a gaba. Ina roƙo a daina kewaye lambu da shi.

Kuɗin cizo ya hana mu barci. Wani ya ce in fesa Sniper ko piya-piya a katifa in rufe ɗakin.

Kada ka yi, don Allah. Sinadarin da ke cikinsu maganin ƙwarin gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya kama jijiyoyi. Alamominsa dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, shaƙewa da jijjiga. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da irinsa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu yana yawo a hannun masu talla, wani ma an ɗura shi a kwalbar da ba ta da suna. Katifar da yaro zai kifa fuska a kai har asuba ba wurin wannan guba ba ne. Haka wake ko busasshen kifi, ba a adana su da shi.

Shi kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, illarsa ƙaiƙayi da rashin barci. Ba kuma shaidar ƙazanta ba ne, don haka a daina ɓoyewa. Yana zuwa ne a jakar baƙo, a akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, ko a katifa da kujerar hannu da aka sayo. Zafi ne maganinsa. Zannuwan gado da labule a jiƙa su a tafasasshen ruwa, a goge da dutsen guga. A kwance gadon, a kwarara ruwan zafi a mahaɗar katako, a bi ɗinkin katifa da buroshi mai ƙarfi, a fitar da ita rana, a toshe tsagar bango. Sai a maimaita bayan mako ɗaya, a kuma sake, domin ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. A nan mutane suke gajiya su ce bai yi ba. Rufe ɗaki a yi tafiya ma ba ya kashe shi, yana iya watanni bai sha jini ba. Idan ya gagara a kira masu feshi da suka san aikinsu, a tambayi sunan maganin da tsawon lokacin da za a yi kafin a koma ɗakin.

Ina haɗa bilic ɗin Hypo da ruwan wanke masai don banɗaki ya fi haske.

Ki daina daga yau. Bilic idan ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da huhu, ga banɗakunanmu ƙanana marasa taga. Ɗaya bayan ɗaya ake amfani da su, a ɗauraye sosai a tsakani.

Ina jin warin gas a kicin wani lokaci.

A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana, kowa ya fita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe ƙofa ya fi buɗe ƙaramar tagar sama amfani. Ana gano yoyo da ruwan kumfa: a shafa a mahaɗa da jikin tiyo, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Tiyon da ya tsattsage a canza shi, ba a ɗaure shi da leda ko roba. Tukunya ta tsaya a tsaye, nesa da wuta. Harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, kan murhun yana son gyara.

Ɗumame fa? Da shi muka tashi.

Ba wanda zai raba mu da ɗumame. Sharaɗin shi ne ya kwana a rufe, da safe kuma ya yi zafi har cikinsa, miya ta tafasa sosai. Shinkafa, wake da abinci mai nama ko kifi sun fi tuwo saurin lalacewa. Idan an ɗauke wuta, firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a yi ta buɗe shi ba.

Abubuwa biyu nake so a ƙara kula da su. Na farko dankalin Turawa, da Allah ya hore mana daga Bokkos da Mangu. Idan ya sha haske ya yi kore ko ya yi tsiro, yana tara wata guba da dahuwa ba ta kashewa. A ajiye shi a duhu, a yanke koren da tsiron da zurfi, wanda ya yi kore sosai ko yake ɗaci a zubar. Na biyu masara da gyaɗar da aka adana da danshi suka yi funfuna. Gubarsu tana lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ko niƙa ba sa kawar da ita. A tsince ruɓaɓɓun a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da su don gudun asara. Buhu ya hau kan katako, kada ya jingina da bango.

Motar shara ba ta shigowa lungunmu. Idan hadari ya haɗo muna juyewa a kwata ruwa ya tafi da ita, ko mu ƙona.

Ruwan ba ya tafiya da ita ko'ina sai bakin kwalbati na gaba, ta toshe, ruwan ya dawo cikin gidan wani. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Yuli na 2012, lokacin da ruwa ya shafe gidaje a Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo aka rasa rayuka da dama, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya. Ƙona leda da roba kuma hayaƙinsu guba ne, mai asma shi ke fara biya. Abin da na ga yana aiki shi ne a rage sharar tun daga gida: ɓawo da ragowar abinci su tafi wajen masu dabbobi ko ramin taki, gwangwani, ƙarfe da robobi 'yan jari-bola suna saye, abin da ya rage gidajen layi su haɗa kuɗi a ba mai baro ya kai inda mota take ɗauka.

Gidan haya muke, ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu. Ni kaɗai nake wankewa har na gaji.

Na san wannan gajiyar. Amma ɓera da kyankyaso da ƙuda ba su san iyakar ɗakin kowa ba, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Gori a tsakar gida ba ya gyara komai. A sa dattijon gidan ko mai karɓar haya ya tara kowa, maza da mata, a rubuta jadawali a manna a ƙofar banɗaki, a tsayar da ɗan abin da kowane ɗaki zai bayar a wata na bilic, tsintsiya da sabulu. Bakin masai ya samu murfi, a ajiye buta da sabulu a ƙofa, domin wanke hannu da ruwa zalla bai wadatar ba. Kashin yara a zuba shi a masai nan take, kada fo ya wuni a tsakar gida, ƙwayar cutar da ke cikinsa ba ta gaza ta babba ba. Sokawe da ya cika ko ya fashe, da rufin da ke yoyo, a kai wa mai gida magana da baki ɗaya. Idan ya yi biris, akwai mai unguwa, akwai kuma ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma.

Yaro ya sha kananzir. An ce a ɗura masa manja ya yi amai.

Kada a ba shi manja, kada a ba shi madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Haɗarin kananzir shi ne ya shiga huhu, kuma amai ne yake kai shi can. Haka idan sodar haɗa sabulu ce ko bilic, ta ƙona maƙogwaro wajen shiga, za ta sake ƙonawa wajen fita. Yawancin irin wannan yana faruwa ne saboda an zuba abin a robar lemo ko ta ruwa an ajiye a ƙasa, yaro ya ga abin sha. Masu sana'ar sabulun ruwa a gida su fi kowa kula, domin jiƙaƙƙiyar soda ba ta da bambanci da ruwa a ido.

A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da baki da ruwa, a riƙe shi a zaune, in barci ko suma ya ɗauke shi a kwantar da shi ta gefe. A tafi asibiti mafi kusa ko da ya ga kamar ya warware, domin matsalar numfashin tana iya bayyana bayan wasu sa'o'i. A tafi da robar ko kwalbar abin da ya sha, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru, likita zai tambaya.